Hayaƙin Bayan Shago

Shafi na 24

Layi biyu ne, ba ɗaya ba.

Malama ta kai tsinken gwajin cikin bakin taga ta sake dubawa. Biyu ne. Ta wanke hannu, ta je ta gaya wa shugabar makaranta cewa kanta na ciwo, ta bar 'yan aji huɗu da aikin lissafi a allo.

Shekara bakwai da aure. Ciki biyu ya zube mata, daga nan kuma shiru. Sai watan jiya likita ya ce a gwada wata hanya: a karɓi maniyyin mijinta, a tace shi, a zuba mata kai tsaye cikin mahaifa da ɗan siririn bututu. Ya gargaɗe su kada su sa rai a karon farko.

Ga shi ya kama.

Ba ta kira kowa ba. Ɓari ya koya mata cewa albishir ba ya son gaggawa. Amma mijinta ya kamata ya fara ji, kuma daga bakinta, ba ta waya ba. Mutumin da ya bar taba saboda haihuwa, bayan ya shafe rabin rayuwarsa yana zuƙa, ai ya ci a yi masa tattaki.

Tasi ta sauke ta a ƙofar shagon mijinta. Matattun firji jere a bakin titi, wasu ba murfi, wasu an ɗaure su da igiya. A ciki rediyo na ta magana shi kaɗai. Tukwanen gas a lungu, bututun jan ƙarfe a nannaɗe jikin ƙusa, kofin shayi da ƙuda a ciki. Babu kowa.

Akwai wata ƙofa ta baya da ba ta taɓa bi ba. Ya sha gaya mata cewa shara ce kawai a wurin.

Warin ne ya fara tarar ta.

Wani ɗan lungu ne tsakanin shagon da katangar maƙwabta, an rufe rabinsa da kwano. Mijinta, wanda duk layin ke kira Injiniya, yana zaune a kan wani firji da aka kwantar, ido a lumshe, taba a baki. Kusa da shi wani tsohon firji a buɗe. A sama, inda ake sa ƙanƙara, kwalayen taba ne a jere. A ƙasa, kwalbar kanumfari, sabulu, buroshi, da riga mai tsabta a rataye.

Abokin aikinsa Baban Biyu yana tsugunne can gefe yana kwance wani inji.

"Sannunku da aiki," in ji Malama.

Injiniya ya miƙe zumbur, ya kai hannu baya kamar ɗalibin da aka kama da satar amsa.

"Malama! Lafiya? Ba kya makaranta?"

"Bayanka na ci da wuta."

Hayaƙin na tashi ta saman kafaɗarsa. Ya saki tabar, ya take ta da takalmi.

"Ta wani kwastoma ce. Ya manta da ita."

"A bakinka ya manta da ita?"

"Yau ne kawai. Wallahi yau ne..."

"Kar ka rantse."

Ta sa ƙafa ta ture gwangwanin madarar da ke gindin firjin. Guntayen taba suka watse a ƙasa, wasu sababbi, wasu sun yi baƙi don daɗewa.

"Shi ma wannan yau ya cika?"

Baban Biyu ya goge hannu a wandonsa.

"Bari na leƙa gaba, kar wani ya zo bai ga kowa ba."

"Zauna, Baban Biyu. Kai ne ka zauna a falona, ka sha shayina, ka ce mini ko ashana abokinka ba ya taɓawa."

Ya koma ya tsuguna.

Ta dubi rigar da ke rataye cikin firjin. Ita ta goge ta jiya. Kullum da yamma ya shigo gida da ƙamshin kanumfari, ta riƙa ce masa sannu da haƙuri. Har ƙawayenta ta ba labari.

"Ka tuna abin da likita ya ce ranar da aka fara gwada maniyyinka, ko in tuna maka?"

"Malama, nan wurin aiki ne."

"Na ga aikin. Ya ce ƙwayoyin sun yi kaɗan. Waɗanda ke akwai, da yawa ba sa motsi. Masu motsin kuma akwai lalatattu, irin waɗanda ko ciki ya shiga ba lallai ya zauna ba. Ya ce ba zai rantse taba ce kaɗai ba, amma ita ce abin da ke hannunka. Ka bari wata uku, jiki ya yi sababbi, a sake dubawa. Haka ya ce ko ba haka ba?"

"Ai na bari."

"Na tsawon wane lokaci?"

Injiniya ya kawar da kai.

"Baban Biyu, na tsawon wane lokaci?"

"Bai kai sati ba," in ji Baban Biyu, yana kallon injin da ke gabansa.

Injiniya ya harare shi, sannan ya juyo.

"Ba ki san abin nan ba ne. Tun ina ɗan koyo nake sha. Da na bari hannuna rawa ya riƙa yi. Na ƙona wa mutane inji biyu a rana ɗaya. Ba barci, ba cin abinci, kowa ya yi mini magana sai in ji kamar in shaƙe shi. Ke kanki kin ce na zama wani iri."

"Na ce. Na kuma ce zan jure."

"To ni ban iya jurewa ba! Shi ke nan? Kin ji daɗi?"

"Da ka faɗa. Likitan ya ce akwai abin da ake bayarwa na taimako, ya ce ka dawo in ta gagara."

"In koma in ce masa karan taba ya fi ƙarfina?"

"Ai ya fi."

Daga gaban shagon wata mata ta ɗaga murya.

"Injiniya! Kuna ciki? Naman mutane na ruɓewa a gidana, kun ce jiya!"

Babu wanda ya amsa. Matar ta yi ta buga tebur, ta ja tsaki, ta tafi.

Malama ta jingina da ƙofar. Ba fushi take ji ba tukuna. Wani abu ne daban yake mata yawo a kai, irin abin da take ji in ɗalibi ya kawo amsa daidai alhali duk hanyar da ya bi ba daidai ba ce.

Gwaji na biyu. Ta tuna yadda likita ya cire tabarau ya sake karantawa, ya miƙe ya ba Injiniya hannu, ya ce bai taɓa ganin wanda ya farfaɗo haka ba. Ta tuna surukarta Hajiya a wannan yammacin, tana zaune a kujerar tsakiya, carbi a hannu, ta ce, "To, alhamdu lillahi. Yanzu an san ta inda rufin ke yoyo."

Daga ranar aka juyo kanta. Allurai a ciki har fatar ta yi shuɗi. Hoton mahaifar da aka yi mata, ta yi ihu a kan gadon har nas ta riƙe mata hannu. Jiƙe-jiƙen da Hajiya ke aiko mata a galan, ta sha ta yi amai ta sake sha. Da sunan da ƙannensa suka raɗa mata a bayan ido, wanda ta ji da kunnenta ranar da ta shiga kicin ba su ankara ba. Juya.

"Injiniya."

"Na'am."

"Lissafi nake koyarwa. In ba ka bar taba ba, ta ina gwajin nan ya gyaru?"

"Allah ne mai gyarawa."

"Ban musa ba. Ta ina?"

"Ke wai me kike nema ne? Kin kama ni ina shan taba, na amsa. Mu je gida."

"Ta ina?"

Sifana ta suɓuce daga hannun Baban Biyu ta faɗi a siminti.

"Gaya mata, Injiniya."

"Rufe mini baki."

"Na rufe shekara guda, na gaji. Duk ranar da na ga baiwar Allah nan ta wuce asibiti sai abinci ya ƙi shiga cikina. Gaya mata ko ni in faɗa."

"In ka buɗe baki mun raba shago."

"Mu raba."

Malama ta dubi wannan, ta dubi wancan. Baban Biyu, 'ya'ya shida, tagwaye a ciki, mutumin da ko hayaƙin janareta ba ya so. Ta tuna asibitin ba shi da ɗakin da maza ke keɓewa. 'Yar roba suke ba mutum, su ce ya je gida ya kawo maniyyin a ciki kafin awa ɗaya, ya riƙe ta a aljihu kada ta huce. Ta tuna ranar gwaji na biyu Injiniya ya ce mata ta yi gaba, zai biya shago ya same ta a can.

Gidan Baban Biyu yana bayan katangar nan.

"Ba naka ba ne," ta ce.

Injiniya ya zauna a kan firjin.

"Tsaya ki ji. Ba yadda kike zato ba ne."

"Ina jin ka."

"Mu a nan, in an kawo firji ba ya sanyi, ba a san inda matsalar take ba, cire injin muke yi. Mu ɗaura wani mai lafiya na aro. In ya yi sanyi, mun san injin ne. In bai yi ba, mun san akwai wani abu a jikin firjin. Abin da na yi ke nan. Na ce bari in cire kaina daga ciki, su duba ki da kyau, in akwai wani abu a gyara. Ni kuma kafin nan na daina a hankali."

"Firji."

"Misali ne."

"Ni ce firjin."

"Malama..."

"In kun gama gwadawa da injin aro, me kuke gaya wa mai firjin? Kuna ce masa injinsa lafiya lau, ya je ya fasa jikin?"



Baban Biyu ya share gumi da bayan hannu.

"Malama, ki yafe mini. Har ƙasa ya durƙusa mini a nan inda kike tsaye. Ya ce in Hajiya ta ji, in ƙannensa suka ji, an gama da shi, za a ce ba namiji ba ne. Ya ce sakamako ne kawai, ba wanda zai cutu."

"Ba wanda zai cutu."

"Haka ya ce."

"Shi kar a ce ba namiji ba ne. Ni kuwa ko an ce ba mace ba ce, ai ba komai." Ta juya ga mijinta. "Kana zaune Hajiya ta ce mini sai ci sai cika masai. Ka tuna me ka yi? Ka ce, Hajiya, a yi mata haƙuri, ba yin kanta ba ne. Na shiga ɗaki na yi kuka, na ce Allah Ya ba ni miji mai rufa asiri."

"Na kare ki ai."

"Daga wutar da ka kunna."

"To me kike so in yi? In tara dangi in ce ni ne?"

"Eh."

Ya yi wata dariya mara daɗi.

"Ke dai ba ki san maza ba."

"Na fara sani. Dararen da kake juya mini baya ka ce gajiya ce, na ɗauka ni ce na tsufa a idonka. Har mayuka na sayo. Ashe shi ma likita ya faɗa maka, ina zaune, cewa taba na tsuke hanyoyin jini. Ni ce ban haɗa lissafin ba."

"A gaban mutum kike wannan maganar?"

"Mutumin da ka aro? Ai ya fi ni sanin sirrin gidana."

Baban Biyu ya sunkuyar da kai.

"Da cikina biyu da suka zube," ta ce, muryarta ba ta tashi ba. "Ba zan ce kai ka zubar ba, likita ma bai ce ba. Amma ni kaɗai na kwana ina tambayar kaina me na ɗauka mai nauyi, me na ci, wace hanya na bi. Kai kana nan kana busa."

Injiniya ya kai hannu aljihun rigarsa, ya tuna, ya janye.

"Ɗauko mana. Yanzu wa kake ɓoye wa?"

Ya bar hannun a gwiwa. 

Ta gyara mayafinta. Ta ji abin da za ta ji, tana so ta fita daga warin nan kafin ya tayar mata da zuciya. Abin da ta zo da shi kuma ta fasa faɗa. Ba yau ba, ba a nan ba. Ko ba komai, ta gaya wa kanta, ƙwaya ɗaya mai lafiya ta tsira daga cikin hayaƙin nan ta iso gare ta. Wannan nata ne, ba ta bin kowa godiya.

Baban Biyu ya miƙe.

"Na rantse miki, Malama, daga na biyun nan na ce masa ba zan ƙara ba. Ko zai mutu."

Ta tsaya, hannunta a kan ƙofa.

"Na biyu?"

"Eh."

"Sau ɗaya aka sake gwaji."

"A'a, sau biyu ne. Na bara, da na watan jiya."

"Baban Biyu," in ji Injiniya a hankali. "Ya isa."

"Wace rana a watan jiya?" in ji Malama.

"Ranar da ya raka ki. Da ya sa farar shadda, ya ce likita na so ya sake tabbatarwa. Da sassafe ya buga mini ƙofa, har uwar biyu tana tambayata lafiya."

Ƙarar rediyon gaban shago ta yi mata nisa. Ta tuna farar shaddar. Ta tuna ya iso asibitin yana haki, hannunsa a aljihu, ya wuce wajen nas. Ta tuna gadon, fitilar da ke saman kanta, da yadda ya riƙe mata yatsu yana karanta addu'a.

"Ba gwaji aka yi ranar ba," ta ce.

Baban Biyu ya dube ta.

"To me aka yi?"

"Tambaye shi."

"Injiniya, me aka yi?"

Injiniya na kallon guntayen tabar da ke ƙasa.

"Abin da ya kai musu ranar," in ji Malama, tana fitar da kalmomin ɗaya bayan ɗaya kamar mai yi wa yara shifta, "shi suka tace suka zuba mini a mahaifa."

Baban Biyu ya yi baya har ya bugi katanga.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Inna lillahi..."

Sai ya yi tsalle ɗaya ya caƙumi wuyan rigar abokinsa.

"Ka ce mini gwaji ne! Ka dafa kan tagwayena ka ce gwaji ne!"

"Sake ni!"

"Me ka mayar da ni? Me ka mayar da matarka? Ina da iyali, Injiniya! Ina da lahira!"

"Na je da nawa! Ku tsaya ku ji! Na je da nawa ma!"

Baban Biyu ya sassauta.

"Biyu na riƙe," in ji Injiniya yana numfashi sama-sama. "Ɗaya a wannan aljihun, ɗaya a wannan. Naka don ko-ta-kwana ne kawai. Ai kafin su yi aikin sai sun duba a madubinsu. In suka ga nawa yadda yake, likita zai gane, zai tambaya a gabanta. Na ce bari dai in riƙe, in na je can sai in yanke shawara."

"Wanne ka miƙa?" in ji Malama.

"Ku bar maganar nan. Ya wuce. Likita da kansa ya ce ba ya kamawa a karon farko. Wata mai zuwa zan daina, wallahi wannan karon zan daina, a sake da nawa, shi ke nan kamar ba a yi ba."

"Wanne ka miƙa?"

"Me zai ƙara miki in kin sani?"

"Ina da ciki."



Ta ga abin da ya fara bayyana a fuskar mijinta, kuma ta san har ta mutu ba za ta manta ba. Murna ce. Ta haska kamar ashana, bakinsa har ya fara buɗewa, kafin ya tuna inda yake.

Baban Biyu ya sulale ya zauna a ƙasa, ya ɗora hannu biyu a ka.

"Injiniya, don girman Allah," ya ce. "Ka ce naka ne."

Malama ba ta ɗauke ido daga kan mijinta ba.

"Aljihun dama ko na hagu? Wanne ka ba nas?"

Injiniya ya miƙe. Ya wuce ta gefenta, ya leƙa cikin shagon, ya leƙa titi. Ya jawo ƙofar bayan ya rufe, ya sa sakata. Sannan ya juyo.

"Wa kika gaya wa?"

"Ba kowa."

"Madalla." Ya rage murya. "To mu uku ne kaɗai a nan. In kun yi shiru, ɗana ne."